Ido Ba Mudu Ba

Da an gama girbi a ƙasar Gumel, an kai dammunan gero da dawa gida, sai kara ya rasa mai gadi. Manya su ɗebi na danga da na girki da na dabbobi, saura kuwa rabon yara ne. Daga ƙauyukan Sule Tankarkar har zuwa Gagarawa, duk inda ka ga yara huɗu ko biyar sun haɗa kai a gindin darbejiya babu mai ko tari, to mota ake ƙerawa. A feƙe sille da tsohuwar reza, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a tsaga ɓawon karan siriri ya zama ƙusa. Taya kuma daga sakaina, ko tsinkakken silifa, ko marfin gora. Wanda ya ɗan tasa sai ya bar kara ya koma gwangwanin madara da waya, ya sa wa motarsa dogon sitiyari yana tuƙa ta daga tsaye.

Ba da ka suke yi ba. Yaron Maigatari abin da yake gani ranar Alhamis shi yake fitarwa: tirelolin da ake danƙara wa shanu a nufi Kudu da su, da Kanta mai ɗauke da buhunan zoɓo da riɗi, da a-kori-kurar da ta tsallako daga wajen Dungas. Karɓi motarsa ka duba da kyau. Za ka ga tsanin da karen mota ke bi ya hau sama, da safayar taya a ƙarƙashin bodi, da madubi biyu, da robar nan da ke reto a bayan taya, har da inda direba ke rataye buta. Babu wanda ya zaunar da shi ya lissafa masa waɗannan. Ya san DAF daga fuskarta tun tana nesa, kafin kai babba ka gane ma mota ce ke tahowa.

Amma ɗora rula a kanta. Tayar ta kai rabin tsayin motar, kan ya cinye kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, shanun lakar da ya loda kuwa da na gaske ne da sun ɗara raƙumi. Ba laifinsa ba ne, hasali ma yana da hujja: ƙasarmu rairayi ce, mota mai ƙaramar taya ba ta zuwa ko'ina sai ta kafe. Abin ja yake yi, ba abin awo ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mun riƙe rabin maganar na ƙarshe gam, na farkon kuma mun sake shi.

A wasu ƙasashe akwai dattawa da furfurarsu da ba su taɓa barin wannan wasa ba, sai dai sun shigo da rula cikinsa. Suna yin ƙaramin samfurin jirgi ko mota ko gini, bisa sharaɗi ɗaya: kowane sashe a rage shi da lamba guda, daga taya har marikin ƙofa. In an ce ma'aunin 1:35, to duk santimita 35 na ainihin abin ya koma santimita 1, babu sani babu sabo. Abin da suka fi yin aikin da shi wata irin roba ce da masana ke kira folistirin, su kuma su gajarta su ce sitirin. A 1839 wani mai haɗa magunguna a Berlin, Eduard Simon, ya tace wani mai daga ƙaron wata bishiya, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya yi kauri ya daskare, bai kuma san me ya samu ba. Sai bayan wajen shekara 80 Hermann Staudinger ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyi ne ke riƙe juna su zama dogayen sarƙoƙi, bayanin da ya ba shi lambar Nobel a 1953. A farkon shekarun 1930 kamfanin IG Farben ya fara sarrafa robar don kasuwa a Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi arha, sai kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramin jirgin ruwa Golden Hind a 1952, da jirgin yaƙi Spitfire a 1953 a ma'aunin 1:72, guntu-guntu cikin leda, kowa ya saya ya harhaɗa a gida. Tamiya na Japan ya biyo da tankokin yaƙi a 1:35.

Su waɗannan an riga an yi maka awon, naka haɗawa ne kurum. Kuma abin da masu su suka sani shi suke sayarwa. Za ka samu tankar yaƙin Jamus iri-iri har ka gaji da zaɓe, amma da wuya ka samu amalanken shanu mai tayar mota, ko gingimari mai bodin katako da zanen ɗawisu a bayanta, balle ƙofar fadar Sarkin Gumel. Wanda ke son namu sai ya yi da kansa, daga farin faranti babu komai a kai. Masu irin wannan aiki a waje suna sayen farantan sitirin daga kamfanoni irin su Evergreen a Amurka da Slater's a Ingila, masu kaurin milimita 0.25, da 0.5, da 1, da 1.5, har 2, haɗe da siraran sanduna da bututu. Ni wannan hanyar ta fi burge ni nesa ba kusa ba, don ita ce ƙanwar motar kara uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai a ce, a ina ɗan Gagarawa zai ga farantin Evergreen? Ba ya bukata. Sitirin na nan jibge a bolarmu. Gidan faifan CD da na kaset, waɗanda zamanin finafinan Kano na faifai ya bar mana tsibi-tsibi, sitirin ne, garai-garai, ya dace da gilashin mota da taga, sai dai yana da saurin tsagewa. Jikin biron Bic shi ne. Yawancin fararen cokulan robar da ake jefarwa bayan biki shi ne, haka wasu kofunan yogot. Farar robar da ke shimfiɗe a cikin tsohon firji sau da yawa shi ne, irin wanda aka gauraya da ɗan danƙo don kada ya riƙa fashewa, kuma shi ne ainihin wanda ake nema, ga faɗi ga kauri. Mai gyaran firji ko ɗan gwangwan zai rabu da shi a kuɗi kaɗan. Wanda ke da hanyar shiga Kano, ya tambayi masu yin allunan talla da masu buga takardu, sukan san inda ake samun farantinsa sabo. Shi kansa farin soson nan da ake cusawa a kwalin talabijin, da na zuba abinci wanda gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024, sitirin ne da aka hura wa iska, fiye da kashi 95 cikin 100 na jikinsa iska ce. Shi ba ya yankuwa da kyau, sai dai a yi tudu ko katanga da shi.

Gane shi ba wuya. A duba gindin abin, in akwai lamba 6 cikin alamar nan mai kusurwa uku, ko haruffan PS, an dace. In babu, a yanki ɗan guntu a jefa cikin kofin ruwa: sitirin yana nutsewa a hankali, don ya ɗan fi ruwa nauyi, amma robar bokiti da ta jarka da ta marfin gora tasowa suke yi. A sake shi a kan siminti, zai yi ƙara siririya kamar ta ƙarfe, ba dum irin ta bokiti ba. Gwaji na ƙarshe shi ne a ɗiga masa tinar fenti ko ruwan goge jan farce a jira kaɗan. In wurin ya yi danƙo yana kama yatsa, shi ne. Kada a gwada da wuta. Hayaƙinsa baƙi ne wuluk, kuma ba abin shaƙa ba ne.

To, an tara roba, an sayi reza da rular ƙarfe da samfefa. Nan ne kusan kowa ke yin gaggawa, ya zauna ya fara yanka. Ba nan aikin ke farawa ba. Yana farawa ne a bakin kasuwa, da tef ɗin tela ko na kafinta a hannu, da littafi da fensir.

A fara da amalanke, don shi ne mafi sauƙi, kusan duk jikinsa miƙaƙƙun layuka ne. Ka je wurin mai shi da ladabi.

"Sannu da aiki, Baba. Don Allah in ɗan auna amalanken nan naka?"

"Saya za ka yi, samari, ko gwamnati ce ta aiko ka?"

In ka yi masa bayani zai yi dariya ya bar ka, wataƙila ma ya riƙe maka bakin tef ɗin. Ka auna tsawon dandamalin da faɗinsa, da tsayinsa daga ƙasa, da faɗin taya, da tsawon sandar da ta tafi zuwa karkiya, da tazarar da ke tsakanin katako da katako. Ka durƙusa ka leƙa ƙasa. Ka rubuta komai, har wanda kake jin ba za ka manta ba. Ka ɗauki hoto da waya daga gefe da gaba da baya, a tsaye daidai, ba a karkace ba, ka kuma jingina sanda mai mita ɗaya a jikinsa kafin ka ɗauka, don hoton ya zo da mudunsa.

A nan mutum ke gano bai san abin da ya girma yana hawa ba. Tambayi kowa a Sule Tankarkar ina tayoyin amalanke suke, zai ce maka a tsakiya. Auna ka gani: yawanci sun ɗan ja baya kaɗan, don nauyin kaya ya ɗan kwanta a kan karkiya. Da a tsakiya cif suke, da an loda buhu biyu a baya sandar ta ɗaga sama ta shaƙe shanun. Da sun ja baya da yawa, da duk nauyin ya sauka a wuyan dabba. Mai waldar da ya haɗa shi ya san haka, ko bai taɓa faɗa ba. Kai da kake wucewa ta gabansa kullum ba ka sani ba sai yau da ka durƙusa. Katako nawa ne a dandamalin? Ƙarfen ƙasan a kwance yake ko a tsaye? Da me aka ɗaure sandar? Ido ya ga duk wannan sau dubu, bai ajiye ko ɗaya ba, don ba a taɓa tambayarsa ba. Samfuri kuwa ba ya karɓar "kusan haka". Dole ka yanka wani abu, kuma abin da za ka yanka yana da lamba.

Abin lura ke nan, kuma bai tsaya ga wasan yara ba. Mu mutanen kima ne, mun kuma gwanance da ita. Dillali a kasuwar shanun Maigatari zai zagaya sa sau ɗaya, ya shafa tozo ya taɓa gindin wutsiya, ya yanke masa kuɗi, kuma da wuya ya faɗi nesa. Tsohon magini yakan auna fili da taku. Uwargida ta san gishirin tukunyar mutum ashirin da yatsu uku. Wannan ilimi ne, wanda ya raina shi bai san shi ba. Sai dai yana da iyaka guda: yana mutuwa da mai shi, kuma ba a aika shi a takarda. Ba za ka iya rubuta wa mai walda a Hadeja "ka yi shi kamar na Baba" ya fito daidai ba. Shi ya sa zoɓon da manomi ya kawo a kimanta a buhu, da ya shiga hannun masu fitar da shi waje sai ya hau sikeli, daga nan har tashar jirgin ruwa da kilo ake magana, kuma a tsakanin kima da kilo ne ribar ke komawa wurin mai sikelin. Ido na kai mutum bakin ƙofa. Shiga sai da mudu.

Ina jin takaicin yadda muke yi da yaran nan. Ko dai a kwaɗa wa yaro mari a ce ya bar wasan banza ya ɗauki littafi, ko kuma, in ya yi katafila da kwali da sirinji tana motsi, a ɗauke shi bidiyo a watsa a Facebook, a kira shi injiniya, wani babba ya ba shi kyauta a gaban kyamara, a watse. Duka biyun ba su ƙara masa komai ba. Ba wanda ya miƙa masa rula ya ce, "Zo mu ga ko hannun katafilar nan ya yi daidai da jikinta." Alhali lissafin da ake bukata shi ne rabawa da ninkawa da ake koya masa a firamare yana hamma. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta ƙasa a 2017, kafin ya tafi Detroit sai da ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi. Baiwar tasa ce tun asali, amma ta bi ta kan teburin zane. Ban ce duk wanda ya yi ƙaramar tirela zai ƙera babba ba, wannan yaudara ce. Abin da zai samu shi ne iya karanta zane da iya yin sa, kuma da shi ake cin abinci a walda da kafinta da gini da ɗinki. Ɗaliban zanen gine-gine ma sukan yi ƙaramin ginin da hannu a 1:100 ko 1:50 don a ga sun fahimci abin da suka zana.

Mu koma kan amalanke. Wane ma'auni za a ɗauka? A nan yaran kara sun riga mu gane hanya: daga taya ake farawa, don ita ce mafi wuyar yi. Da'ira ba ta yankuwa da reza yadda ake so, gara a nemi abin da ya zo a zagaye. Marfin gorar ruwa faɗinsa wajen santimita 3 ne. Tayar ƙaramar mota, irin wadda ake sa wa amalanke, wajen santimita 60 ce. Raba 60 da 3, ka samu 20. Ma'auninka ya zama 1:20, kuma yana da daɗin lissafi: kowace mita ta koma santimita 5. Dandamali mai mita 2 ya zama santimita 10, mutum mai tsayin mita 1.7 ya zama santimita 8 da rabi. Marfin nan dai, in ka sa shi a tirela wadda tayarta ta ɗan haura mita ɗaya, sai ya kai ka 1:35, bodi mai mita 12 ya zama wajen santimita 34. Marfi ɗaya, mudu biyu. Abin da ba a yi shi ne a haɗa su a faranti guda, a ajiye amalanken 1:20 kusa da tirelar 1:35. Nan take ido, wanda ya san kima, zai ce ƙarya ne.

Akwai wani lissafi da ke ba yara mamaki, manya ma haka. In ka rage tsawo da 20, fili raguwa yake da 400, ciki kuma da 8,000. Wato buhun gero mai kilo 100, in aka mayar da shi 1:20, giram 12 da rabi ne kacal, abin da cokali zai ɗauka. Kuskure kuma hawa yake: milimita 1 da hannunka ya goce a samfuri, santimita 2 ce a amalanke, santimita 3 da rabi a tirela. Don haka a feƙe fensir sosai. Kaurin farantin ma lissafi ne. Faranti mai milimita 1 a 1:20 katako ne mai santimita 2, daidai da na dandamali; amma in ka yi ƙarfen kwano da shi, ka yi kwanon da babu irinsa a duniya. In kuma akwati za ka haɗa, bango biyu su shiga tsakanin biyu, sai ka rage musu kaurin farantin sau biyu, in ba haka ba kusurwa ba za ta rufe ba. Kafinta ya san wannan tun yana yaron shago.

Yankan kansa akwai dabara. Ba a ratsa sitirin da ƙarfi. Ka danne rular ƙarfe, ka ja reza a hankali sau uku ko huɗu a layi ɗaya, ba don ta ɓulla ba, don ta yi tsaga kawai, sannan ka tanƙwara farantin baya, ya karye ƙas a kan layin, kamar yadda mai rake ke zagaya wuƙa a gaɓa sannan ya ɓalle. Mai dannawa da ƙarfi don ya gama a ja ɗaya, rezar gocewa take yi, ta ɓata faranti ko ta sami yatsa. Rular roba ba ta yi, rezar cin ta take. Bakin da aka yanka yakan ɗan tashi, sai a kankare shi da bayan reza, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil a goga guntun a kai, ba a riƙe samfefar a hannu ba, don gefen ya fito a miƙe. Layukan katako ba sai an yanka su ɗaya-ɗaya ba; a ja su da bayan reza a kan faranti guda, a bi da samfefa mai kaushi ta fuska ɗaya, sai ga zanen itace. In ana son siririn ƙarfe, a riƙe marikin cokalin roba a saman kyandir, ba cikin harshen wutar ba, ana juya shi har ya yi laushi, a janye daga wutar a ja hannu biyu; zai miƙe ya zama zare, kaurinsa gwargwadon saurin jan.

Haɗawa ce ta sa masu aikin suka zaɓi wannan roba a kan sauran. Sitirin ba manna shi ake yi ba, walda ake yi masa, amma da ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin an jiƙa farin soso a fetur ya narke ya zama danƙon liƙe kwanon rufi ya riga ya ga sirrin. Akwai ruwayen da ke narkar da fuskar robar. In aka haɗa gefe biyu aka taɓa mahaɗar da ɗan ƙaramin burushi, ruwan ya bi tsagar da kansa, fuskokin biyu su narke su shiga juna, ruwan ya bushe ya tafi, a bar abu ɗaya babu gam a tsakani. Cikin daƙiƙoƙi ya kama, amma sai ya kwana yake yin ƙarfi. Masu aikin a waje suna amfani da wani ruwa da ake kira MEK, ko gam ɗin Tamiya na kwalba. A nan tinar fentin mota tana yi, asiton na goge jan farce ma yana ɗan yi, sai dai yana gudu da wuri, don a digiri 56 yake tafasa, zafin Afrilu a Gumel kuwa yakan haura 40. Har man da ke cikin ɓawon lemo yana narkar da sitirin; matsa shi a kan farin soso ka ga ramin da zai yi. Fetur dai a bar shi, jagwalgwalo yake yi, ga hatsarin wuta.

Kaɗan ake sawa. Ruwa ya yi yawa a siririn faranti, yau ka gan shi lafiya, bayan kwana biyu ya lotsa. Yatsa ya taɓa inda ya jiƙe, shatinsa ya zauna har abada. Kuma ruwan ba ya aiki sai a kan abin da yake narkarwa: marfin gorar nan na taya ko ka tsoma shi ciki ba abin da zai same shi, sufa gulu ma ba ta kama shi sosai. Shi sai a huda shi a zura sifokin keke ya zama aksul. Ƙarfe da katako kuwa sufa gulu ce maganinsu.

Wajibi ne a faɗi wannan: ruwayen nan 'yan uwan sholisho ne. A yi aikin a tsakar gida ko a zaure mai iska, nesa da murhu da kyandir, a rufe kwalba da an tsoma burushi. Yaro ƙarami ya yi awo da zane da goge-goge, kwalbar ta zauna a hannun babba. Malamin da zai kai wannan aiki aji, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da zai yi shi a matsayin kayan koyarwa, ya fara da kwali da farin gam na kafinta; awon iri ɗaya ne, asarar kuma babu.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Sitirin yana sakin jiki a kusa da digiri 100, shi ya sa in kana son lanƙwasa, misali murfin taya, sai ka naɗe guntun a jikin kwalba ka ɗaure, ka tsoma a ruwan zafi, ka fitar ka tsoma a na sanyi, ya zauna a haka. Amma siririn faranti ba ya jiran digiri 100. Ka bar shi a gaban mota a rana ka dawo ka tarar ya murɗe. Rana kuma tana mayar da shi rawaya ya riƙa karyewa, fenti ne garkuwarsa. Fentin ruwa ya fi aminci, na feshin mota in an zuba da yawa cin fuskar robar yake. A hunturu robar na jan ƙura, sai a wanke da sabulu a bar ta ta bushe kafin fenti. Kada kuma a bar amalanken yana sheƙi kamar yau aka fito da shi daga shago. A daka rairayin ƙofar gida ya yi laushi, a shafa a tayoyi da ƙasan dandamali, a ɗiga ruwan ƙasa-ƙasa inda tsatsa ke bi. Shanun kuwa a bar wa laka, ta fi roba iya tozo, sai dai wannan karon a auna san daga ƙasa zuwa kafaɗa a raba da 20.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin da za a ajiye a saman talabijin. A 1920 masu tono ƙarƙashin Herbert Winlock suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade a Misira da ya rayu wajen shekara 4,000 da suka wuce, kusa da Luxor. Suka tarar da ƙananan samfura na katako fiye da 20: rumbu da magatakarda suna rubuta awon hatsi, masaƙa, shagon kafinta, mahauta, jiragen ruwa, da wani babba inda makiyaya ke koro shanu a gaban maigida ana ƙirgawa. Na shanun yana gidan tarihi na Alƙahira, wasu kuma suna New York. Da yawa daga abin da aka sani game da yadda mutanen wancan zamani ke saƙa da tuƙa jirgi, daga waɗannan 'yan katakai aka gani. Rubutu yakan ce an yi abu, samfuri kuwa yana nuna inda igiya ta bi.

Muna da abubuwan da suke tafiya ba sallama. Gingimarin Marsandi mai bodin katako ta kusa ƙarewa a hanya. Rumbun kara da na laka suna ba buhu da shago wuri. Soraye masu zanko da baka, siminti na cinye su unguwa-unguwa. Ga kuma layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 don kwasar gyaɗa, ya ratsa ta Gagarawa ya bar mata tasha. Tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce, sabon layin da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi kuwa 1,435 ne, kuma ba ta nan ya biyo ba. Masu yin samfurin jirgin ƙasa sun fi amfani da 1:87. A wannan ma'auni tsohon layin namu ya zama milimita 12 da ɗoriya kaɗan, ginin da ya kai mita 20 kuma ya zama santimita 23, ya zauna a kan tebur ɗaya da dandamalinsa.

Samfurin tasha ba aikin ɗan koyo ba ne, sai hannu ya faɗa a kan amalanke, sannan rumfar kasuwa, sannan bodin Kanta. Amma awon ba ya jiran hannu ya faɗa, ana iya ɗaukarsa tun yanzu a ajiye a littafi. Sai dai tasha da bakin iyaka ba kamar amalanken Baba ba ne: wanda aka gani yana ja wa ginin gwamnati tef yana ɗaukar hoto zai sha tambaya. A fara zuwa wurin mai unguwa da ma'aikatan wurin a yi bayani, in da hali a riƙe amalanken da aka gama a hannu, ya fi dogon Turanci saurin gamsar da mutum. A tafi mutum biyu, ɗaya na riƙe da tef ɗaya na rubutu. Inda tef ba zai kai ba, kamar tsayin bango, a ƙirga jerin bulo a ninka da kaurin guda ɗaya haɗe da simintinsa.